Saura Tanki Kawai

Idan ka tambayi mutanen layinmu a Coventry game da Clive Pargeter, za su ce maka mutum ne mai haƙuri. Ni dai a wurina mijin yayata ne, shekara arba'in da tara ina kallonsa, kuma har yau ban ga haƙurin nan ba. Abin da na gani shi ne mutumin da zai shafe awa biyu yana goge noti ɗaya da buroshin haƙori, shayin da matarsa ta kawo masa yana hucewa a gefe, sannan ya shigo ya ce mata shayin ya yi sanyi. In wannan ne haƙuri, Allah ya raba ni da shi.

Shekara talatin da huɗu ya yi a masana'antar motoci, amma kada ka ɗauka ya taɓa ƙera wani abu. Shi ne mai farar rigar nan da ke yawo da allon rubutu yana duba aikin wasu, yana zura ɗan siririn ƙarfe tsakanin ƙofa da jikin mota ya ga ko ratar ta wuce ƙa'ida. Babanmu ya ƙare rayuwarsa yana walda a wannan masana'antar, kuma har ya mutu bai taɓa kiran surukinsa da sunansa ba. Mai Allo yake ce masa.

Da mota ya saye zuciyar Noreen, yayar tawa. Motar koriya ce shar, ƙirar 1966, kujera biyu, ba ta da rufi sai ɗan tanti da ake ja in hadari ya taso. A lokacin duk layinmu babu mai irinta, kuma gaskiya babu yarinyar da ta kai Noreen kyau. Da aka ɗaura musu aure a 1974, a cikinta suka tafi Barmouth makon amarci. Noreen ta ba ni labarin tafiyar nan ya fi sau ɗari. Akwai wata kwana daf da shiga garin, inda dutse yake kauce wa hanya, sai teku ta buɗe gaba ɗaya a gaban mutum. Ta ce tana sanye da jan ɗankwali, iska tana neman fizge shi, ta miƙe tsaye a cikin motar tana ihu kamar mahaukaciya. Clive kuma ya ce mata ta zauna kada takalminta ya ɓata shimfiɗa.

A 1991 ya fara jin warin fetur a but ɗin motar. Ya ce tankin mai ne ya yi tsatsa, zai sauke shi ya gyara, aikin ƙarshen mako ɗaya ne. Ya sauke tankin, sai ya ga wurin da tankin ya tashi shi ma ya ɗan yi tsatsa. Ya kwance wancan. Kafin Kirsimeti babu abin da ya rage a garejin sai ƙashin mota a kan tubala.

Motar ta bar gareji ta tare a cikin gida. Kujerunta suka kama ɗakin baƙi, saboda haka in na zo kwana a falo nake miƙewa. Fitilu da ƙarafan ado suna ƙarƙashin gadonsu, a nannaɗe cikin tawul ɗin da mamarmu ta ba Noreen na aure. Notuna suna cikin kwalaben zuma, kowace da takardarta. Sau biyu na ci naman Lahadi mai warin fenti a gidan nan, domin a tandar girki yake busar da abin da ya fenta. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin Clive ya yi ƙorafi ba, tunda ɗakin da za a sa yaro yana da amfani.

Noreen kuwa ba ta taɓa cewa uffan ba. Ya yi mata alkawari ranar da ya sauke tankin cewa da zarar motar ta tashi, tafiyarta ta farko Barmouth ce, su biyu. Ta riƙe wannan maganar gam. Shi kuma yana ta haɗawa a hankali, injin a wannan shekara, fenti bayan shekara takwas, wayoyi bayan wasu biyar. Zuwa farkon 2023 komai ya koma mazauninsa in ban da abu ɗaya, abin da aka fara cirewa.

A watan Fabrairun shekarar nan ni na kai Noreen asibitin ido, don Clive yana jiran wani ƙunshi daga gidan waya. Likitar ba ta yi ɓoye-ɓoye ba.

"Misis Pargeter, idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana bin bayansa, kuma da sauri. Duk abin da kike so ki gani, ki je ki gan shi a bana, kafin sanyi ya shigo."

Muka dawo gida muka same shi a teburin kicin yana kwance ƙunshinsa. Noreen ta zauna, ko rigar sanyinta ba ta cire ba, ta faɗa masa abin da likita ta ce. Ya ajiye almakashi, ya ce ashsha. Har ga Allah ya faɗi haka, kada a ce na yi masa ƙarya.

"Teku nake so in gani, Clive," in ji ta. "Barmouth. A cikin motar nan."

"Ai saura tanki kawai," in ji shi.

Na ce, "Noreen ɗinmu, ki shirya ranar Asabar in kai ki a tawa. Awa uku ce."

"A'a, Beryl. Ya yi mini alkawari. Kuma a taki ta gilashi zan leƙa. Ni iskar nake so ta buge ni kamar wancan karon."

"Aikin ƙarshen mako ɗaya ne," in ji Clive, ya ci gaba da kwance ƙunshinsa.

Na san halin mutumina, saboda haka ban tsaya jiransa ba. Akwai masu ƙera sababbin tankuna daidai ma'aunin tsofaffin motocin nan. Na yi waya, kwana uku aka kawo shi ƙofar garejinsa, sabo fil. Clive ya fito da shi daga kwali, ya juya shi, ya shafa cikinsa da bayansa kamar mai sayen akuya, ya mayar cikin kwalin.

"Babu tambari."

"Tambarin me?"

"Na masana'anta. Nawa yana da shi a saman kusurwar hagu, Maris 1966. Kuma haɗin wannan ta gefe aka yi shi, na asali ta tsakiya ne."

"Wa zai ga tambarin, Clive? Ƙarƙashin mota fa zai shiga. Kwalta ce za ta karanta?"

"Alƙalai," in ji shi, yana mini kallon da ake yi wa yaro marar wayo.

A nan na gane inda aka dosa. Clive yana cikin wata ƙungiya ta masu irin wannan motar, yawancinsu tsofaffi masu hular kaba da sauran lokaci a hannu. Duk Lahadin ƙarshe ta watan Agusta sukan jera motocinsu a wani fili, alƙalai su zo da tocila da madubi a kan sanda, su kwanta a ƙasa suna leƙen ƙarƙashi. Ba sa tambayar ko motar tana gudu. Abin da suke nema shi ne ko kowane noti da kowace roba irin waɗanda aka sa mata ne ranar da ta fito daga masana'anta. Clive ya yi shekara talatin yana zuwa filin nan a matsayin ɗan kallo, yana gyara wa mutane zance a kan motocinsu. Yanzu ya ƙudurta zai shiga da tasa.

Sabon tankin ya koma inda ya fito, aka jawo tsohon daga bayan gareji. Watan Maris ya tafi a wanke cikinsa. Ya zuba tsakuwa a ciki ya toshe bakin, ya rungume shi yana zagaye lambu yana girgizawa, dattijo ɗan saba'in da uku yana rawa da gwangwani a gaban maƙwabta. Ya zubar da tsakuwa, ya zuba ruwan batir, ya ɗauraye, ya busar. Ya gano huji uku ƙanana ya liƙe su da dalma. A Afrilu aka zo fenti. Baƙi ne, amma ba kowane baƙi ba, wai kada ya yi sheƙi kuma kada ya dusashe.

Mai yanke hukunci a kan wannan shi ne Desmond Hallam, abokinsa na ƙungiya, tsohon likitan haƙori. Ina jin da ya bar aiki bai iya rabuwa da ɗan madubinsa ba, sai ya ƙara masa tsawon sanda. Duk Lahadi yana gidan, yana cinye wa Noreen biskit, yana karkata kai yana duban tankin ta gefe.

"Ya ɗan yi haske, Clive. Kaɗan dai. Ni ba zan yi magana ba, amma ka san halin alƙalan nan."

Sai Clive ya kankare ya sake. Sau uku aka fenta tankin nan, kuma in ka jera mini ukun ka ce in bambance, wallahi sai dai in yi canki.

Noreen kuma tana da nata ma'aunin. Ta tagar kicin ana hango itacen tuffa a ƙarshen lambu. A watan Maris tana ƙirga tsuntsayen da ke kansa. A Mayu ta ce mini itacen ya zama inuwa kawai. Ba ta faɗa da kuka, da wasa take faɗa, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

"Beryl, agogon nan ya yar da hannunsa ɗaya. Duba mini ƙarfe nawa."

Na je gareji na faɗa wa Clive. Ya ce ya sani, shi ya sa yake sauri. Yana maganar yana yanka ƙyallen ulu da reza, wanda za a sa tsakanin tankin da maɗauransa, yana auna kowane yanki da ma'aunin injiniya.

Watan Yuni kuma ya tafi a neman tiyo. Guntun tiyon roba ne da bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba, mai ɗaukar mai daga tanki zuwa bututun ƙarfe. Kowane shagon kayan mota yana da shi. Amma na asali yana da rawayan layi a jikinsa, na yanzu ba su da shi. Clive ya yi ta waya har ya samo wani mutum a can Norfolk da ya gaji kayan wani tsohon shago. Tiyon ya zo a cikin takardarsa ta asali, ba a taɓa amfani da shi ba. Ya kira ni in gani.

"Sabo ne, Beryl. Sabo na tun da."

Ni fa shekara sha tara na yi ina aiki a gidan mai, kuma ba a kan kujera na yi su ba. Na karɓa na ɗan lanƙwasa shi kusa da kunnena, na ji yana ƙara ƙas-ƙas.

Na ce, "Robar nan ta girmi aurenku. Kuma fetur ɗin yanzu ba na 1966 ba ne, ana gauraya shi da abin da ke cinye tsohuwar roba. Wannan ba zai yi sati da mai a cikinsa ba."

"Ke kuɗi kike karɓa a gidan man," in ji shi. "Ni mota nake dubawa."

Ya karɓe abinsa ya mayar a takarda.

Asabar ta uku a watan Yuli aka sa ranar mayar da tanki. Aikin na mutum biyu ne, Desmond kuwa bayansa ba ya barinsa ya ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi. Saboda Noreen na yarda. Na sa tsohon wando na kwanta a kan siminti, ni mai shekara sittin da bakwai, kusa da mutumin da ban taɓa so ba. Ya ba ni farar safar hannu ya ce in sa, kada yatsuna su bar shaida a fenti.

Aka ɗora tankin a kan katako da aka naɗe da tawul, katakon a kan jak. Shi yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, ni ina riƙe da wuyan tankin ina saita shi da ramin da zai bi ya fito ta saman mota. Duk motsi ɗaya sai ya ce tsaya. Muka ɗauki minti arba'in a abin da bai fi taku biyu ba. Ya ɗaura maɗauran ƙarfen guda biyu, ƙyallen ulu a ƙarƙashinsu, ya fara ɗaure notuna. Ya kusa gamawa sai ya dakata.

"Wayar gejin mai," in ji shi. "A saman tankin take shiga."

Aka sauke. Aka sa waya. Aka sake ɗagawa, wani minti arba'in. Wannan karon da ya ɗaure notunan sai ya sake sassauta biyu, wai yana so fuskokinsu duka su kalli gefe ɗaya. Wuyana ya ƙage, ƙafata ta mutu, ina kallon gashin hancinsa a hasken tocila ina roƙon Allah ya ba ni ikon riƙe bakina. Daga ƙarshe ya fito da tiyonsa daga takarda. Da ya tura shi a bakin bututun na ga 'yan tsage-tsage sun buɗe a jikinsa. Ya sa yatsa ya shafe su da baƙin man takalmi.

Na ce, "Clive, ji nan. Ina da sabon tiyo a motata. Sa shi ku je teku ku dawo, sannan ka canza da wannan kafin gasar. Minti goma ne."

"Duk kwancewa ɗaya sai sukudireba ta karce kan kilif ɗin da ke matse tiyon. Za su gani."



Muka fito daga ƙarƙashin motar muka tarar da Noreen a bakin ƙofa da tiren shayi. Da laluben bango ta zo. Ta ɗaura jan ɗankwalin nan na 1974, wanda ban ma san tana ajiye da shi ba.

"An gama?" in ji ta.

"An gama," in ji Clive.

"To gobe? An ce za a yi rana."

Ya cire safar hannunsa yatsa ɗaya-ɗaya.

"Bayan gasa, Noreen. In na zuba mai yanzu dole ya ɗiga a bakin tankin. Ga ƙurar hanya, ga tsakuwa. Mil ɗari da wani abu fa. Duk aikin nan zai tashi a banza."

A nan kam na hau shi. Na yi masa tatas, tun daga 1991 har zuwa man takalmi. Na ce masa matarsa tana makancewa a gabansa shi kuma yana lallashin gwangwani. Na ce babanmu ya gano halinsa tun ranar farko. Ya tsaya yana ninke safar hannu, ko a jikinsa. Noreen ce ta ajiye tiren ta laluba ta kama hannuna.

"Ki bari, Beryl. Shekara talatin da biyu na jira, sati shida ne zai gagare ni?"

Na bari. Wannan shi ne nawa laifin, kuma ba zan ɗora shi a kan Clive ba. Ya kamata washegari in zo in tura ta cikin motata ko tana so ko ba ta so, ta yi fushi da ni wata guda in ta ga dama. Amma ita ce babba, tun muna yara in ta ce a bari, bari nake yi.

Ranar gasa ba a tuƙa motar ba. Tura ta aka yi aka ɗora a kan amalanken ƙarfe, aka ja ta da motar Desmond, tayoyinta a cikin leda kamar ƙafar mai shiga ɗakin tiyata. Da alƙalai suka ce a tayar da injin, ta wata 'yar kwalba Clive ya shayar da shi mai kai tsaye, don kada ɗigo ɗaya ya shiga tankin da ya yi wata biyar yana gyarawa domin ya riƙe mai. Dattawa uku suka kwanta a ciyawa da madubansu. Na ji ɗaya yana cewa, "Har da rawayan layin." Clive ya zo na ɗaya. Aka ba shi farantin tagulla da bai kai murfin tukunya ba, ya bi kowa yana ba shi hannu. Noreen tana kan kujerar ninkewa tun safe da baƙin tabarau, tana tafi duk lokacin da ta ji wasu suna yi.

Sai aka shiga ruwan sama, sati biyu cur, motar Clive kuwa ba ta fita a ruwa. Aka sa ranar tafiya Asabar, sha shida ga Satumba. Tun Laraba ya cika tankin da jarka, ya shimfiɗa tsumma ya zagaye bakin, man ya kwana uku a cikin tiyon nan. Na ce zan bi su a baya da tawa. Ya ce ba sa bukatar rakiya. Na ce hanyar ba ta gidan ubansa ba ce.

Gari ya waye tas. Motar ta tashi da ruri, kuma ba zan ɓoye ba, tana da kyau a kan titi. Ina biye da su ina hango jan ɗankwalin yana kaɗawa. Wani lokaci Noreen ta ɗaga hannunta sama tana taren iska da yatsu. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, har na ce wa kaina ƙila na cika tsanani.

Ko Birmingham ba mu kai ba na fara jin warin. Na duba kwalta na ga jiƙaƙƙen layi yana bin bayansu. Na danna hon. Clive ya ɗaga mini hannu yana murmushi, ya ɗauka taya shi murna nake. Na take mota na wuce shi na sha gabansa na taka birki. Kafin ya gama tsayawa na fito na zagaya na buɗe ƙofar Noreen.

"Fito. Yanzu."

Na ja ta zuwa can gefen hanya. Na dawo na leƙa. Tiyon ya kumbura ya yi laushi kamar cingam da aka tauna, ya tsage tun daga wannan baki zuwa wancan. Fetur yana kwarara ta jikin tankin yana sauka bai fi tafin hannu ɗaya daga zazzafar salansa ba. Clive ya kashe injin, ya fito, ya ciro hankicinsa ya shimfiɗa a ƙasa ya durƙusa a kai. Ya daɗe yana kallo. Bai waiwaya ya ga inda matarsa take ba.

"Fentin," in ji shi. "Ya cinye fentin."

Na kama hannun Noreen na sa ta a gaban motata, na ɗauko kwandon burodi da cuku da ta haɗa. Wannan karon ba ta ce a bari ba.

"Beryl," in ji Clive, "wa zai tsaya da ni har mai jan mota ya zo?"

"Tambarinka," na ce, na ja ƙofa.

Awa uku muna tafiya, maganarmu ba ta fi goma ba. Ba ta cire ɗankwalin ba. Da muka doshi Barmouth na sauke gilasai duka huɗu don iska ta shigo. Na gane kwanar tun kafin mu kai, saboda yadda ta sha kwatanta mini ita. Na rage gudu sosai. Dutsen ya kauce, teku ta buɗe shuɗiya har iyakar gani, rana tana wasa a kanta, ga ƙananan jirage farare. Na yi shiru don kada in ɓata mata. Ita ma shiru ta yi, fuskarta tana gaba. Mun wuce da kamar rabin mil sai ta juyo.

"Mun kusa kwanar?"

Na ce, "Mun kusa." Ƙarya na yi mata, ta kuma gane, domin muryata ta ba da ni.

Na ajiye mota a bakin ruwa na riƙe ta muka je jikin katanga. Ta ɗora hannu biyu a kan dutsen ta ɗaga fuska. Ta daɗe a haka.

"Ruwan ya cika ne ko ya janye?"

"Ya cika, Noreen ɗinmu. Yana nan ƙarƙashin ƙafarki."

"Ina jin sa. Haske kawai nake gani ta gefe-gefe, tsakiyar baƙi ne." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Da a Yuni ne da na gan shi, ko?"

"Da kin gan shi."

Ta gyaɗa kai. Ni ce na yi kukan, ita ce ta laluba jaka ta ba ni hankici. Muka zauna a kan katangar muka ci burodinmu, ina faɗa mata launin kowane jirgi da abin da kowane kare yake yi. Baƙin cikin da na ji a wurin nan ban ji irinsa ba ko ranar da muka binne mamarmu.

Muka iso gida da sauran hasken rana. Ƙofar garejin a buɗe take, an riga an jawo motar. Mutumin da ya ɗauki shekara talatin da biyu kafin ya mayar da tanki, a yamma ɗaya ya sake sauke shi, shi kaɗai. Tankin yana kan teburin aiki a kan tawul, farantin tagulla a rataye a samansa. Clive bai tambaya ko mun isa ba, bai tambaya ko ta ga wani abu ba. Ya karkata tankin wajen haske yana girgiza kai.

"Noreen, zo ki ga abin da fetur ya yi. Dubi nan, har ƙarfe."

Ta saki hannuna ta bi muryarsa, tana laluben gefen motar da yatsu, har ta tsaya kusa da shi.

"Ba na gani, Clive."

"To matso kusa mana," in ji shi, ya kunna mata tocila.